Girki Ya Ce a Sa Kapar, Ke Kuma Kina Matameye: Ga Mafita

Kin ga wani girki a waya, soyayyen kifi da farar miya a gefe, ko taliya da jan tumatir. Kin duba kayan haɗi, komai kina da shi sai abu guda: kapar. Kada ki fasa girkin, kada kuma ki ba direban Damagaram ko na Kano saƙo. Aikin da kapar yake yi a cikin abinci, kasuwar Matameye da garaken Korama suna da masu yin sa. Wasu za su fitar da ke yau ɗin nan. Wasu suna son mako guda ko fiye a kwalba.

Ki fara sanin wanda kike neman madadinsa

Kapar fure ne da bai kai ga buɗewa ba, na wani ɗan itace mai ƙaya da ke fitowa a duwatsu da jikin tsofaffin ganuwoyi a ƙasashen bakin Bahar Rum. Maroko da Turkiyya da Sifen da Italiya suna cikin manyan masu samar da shi. A Maroko, yankunan Safi da Fas sun yi suna da shi. A Italiya kuwa ana alfahari da na tsibirin Pantelleria, tsakanin Sisili da Tunisiya, wanda Tarayyar Turai ta yi wa sunansa rajista tun 1996.

Da hannu ake tsinkarsa, ɗaya bayan ɗaya, da sassafe. Tsadarsa ke nan. Mafi daraja su ne ƙananan, waɗanda ba su wuce milimita 7 ba. Ɗanyensa ba ya ciwuwa saboda ɗaci. Sai ya kwanta a gishiri ko a binegar sannan ɗanɗanonsa yake fitowa.

A cikin abinci ayyuka huɗu yake yi. Yana kawo gishiri. Yana kawo tsami. Yana kawo wani ɗan yaji mai taɓa hanci irin na mutad. Sannan ƴan ƙwayoyi ne da ake cin karo da su a baki, su yanke maiƙon kifi ko na mayonez. Kamar daddawa yake a miyar kuka: kaɗan ake sawa, amma rashinsa ba ya ɓuya.

Saboda haka duk abin da za ki sa a madadinsa, ki auna shi da waɗannan huɗun. Wanda ya ba ki uku, karɓi, ki cike na huɗun da kanki.

1. Koren zaitun, in kina sauri

Shi ne madadin da ya fi kusa a cikin kayan kanti. Ki nemi kore, na kwalba ko na gwangwani. Baƙin ya yi laushi da yawa, kuma ba shi da tsamin da ake so.

Ki cire ƙwallon, ki yanka naman ƙanana, kowane guntu bai kai ƙwayar wake ba. Cokali ɗaya na yankakken zaitun a gurbin cokali ɗaya na kapar. Ki ɗiga masa ruwan lemun tsami kaɗan, domin zaitun ya fi kapar maiƙo, kapar ya fi shi tsami.

Idan kin buɗe gwangwani, kada ki bar ragowar a ciki. Ki juye a kwalba tare da ruwansa, ki rufe, ki sa a firij.

2. Kornisho, ko kokwamba da gurji

Kornisho ƴar ƙaramar kokwamba ce da aka jiƙa a binegar. In kin samu, ki yanka ƙanana ki sa daidai awon kapar. Ta fi dacewa da abinci mai sanyi: salati, sanwic, miyar mayonez.

In babu, ki yi naki. Ki samo kokwamba ko gurji ƙarami mai tauri. Ki cire ƴaƴan ciki, ki yanka ƙanana cikin kofi ɗaya. Ki barbaɗa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ki bari minti 30, ki matse ruwan. Ki zuba binegar ko ruwan lemun tsami har ya rufe, ki ba shi awa ɗaya.

Kada ki dafa wannan. Wuta tana mayar da shi ruwa.

3. Ɗanyen mangwaro, sarkin bazara

Daga Maris zuwa Mayu ba ki da matsala. Ɗanyen mangwaro yana da tsami, yana da tauri, yana kuma da wani ƙamshi mai kaifi da ke zama da kifi sosai.

Ki zaɓi mai tauri wanda cikinsa fari ne, bai fara ja ba. Ki wanke ƙaron da ke wajen kan, ki fere ɓawon duka, domin ƙaron yana sa wasu ƙaiƙayin baki. Ki yanka ƙanana, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a kowane kofi, ki bari minti 30, ki matse.

Ba ya buƙatar binegar in yau za a ci. In kina son ya kwana biyu, ki sa a kwalba ki rufe shi da binegar. Ki fara da rabin awon da girkin ya faɗa, ki ɗanɗana, sannan ki ƙara. Tsamin wani mangwaron ya fi na wani.

4. Farin zoɓo da yakuwa

Farin zoɓon da ake sa wa miya yana yin wannan aikin da kyau, kuma ana samun busasshensa duk shekara. Ki jiƙa ɗan kaɗan a ruwan ɗumi minti 20, ki wanke yashi sosai, ki yanka ƙanana, ki murza da gishiri. Ɗanyensa na lokacin kaka ya fi daɗin taunawa, shi ba sai an jiƙa ba.

Fari za ki nema. Jan zoɓo zai rina miki farar miya, ya ɓata wa kifin kamanni.

Ganyen yakuwa kuma yana ba da tsami amma ba ya ba da abin taunawa. Ki yanka shi siriri ki sa a miyar da ake dafawa, ki haɗa shi da zaitun ko ɗanyen tumatir.

Tsamiya fa? Ta yi a jar miya kaɗai, cokali ɗaya na ruwanta mai kauri. A farar miya tana duhunta launi, kuma tana da ɗan zaƙi wanda kapar ba shi da shi.

5. Lemun tsami mai gishiri, irin na ƴan Maroko

Wannan kwalbar tana daɗewa, kuma ba ta neman binegar. A Maroko da irin wannan lemun ake dafa kaza da zaitun.

Ki wanke lemun tsami goma. Ki tsaga kowanne gida huɗu, amma kada ki raba shi, ki bar gindin a haɗe. Ki cusa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a cikin kowanne. Ki jera su a kwalba kina dannawa da cokali har ruwansu ya fito. Ki matse wasu lemun ki ƙara har ruwa ya rufe su duka. Ki rufe, ki ajiye a inuwa mako uku zuwa huɗu, kina girgiza kwalbar lokaci-lokaci.

Ɓawon ake amfani da shi. Ki ciro guda, ki ɗauraye, ki yanka ƙanana. Lemun tsaminmu ƙarami ya fi babban lemun Bahar Rum ɗaci a ɓawo, don haka rabin awon kapar ya isa.

6. Ɗanyen tumatir da gauta

Lokacin sanyi, idan garake sun cika da tumatir, ki roƙi mai garka ya tsinko miki kore mai tauri. Ki cire ƴaƴan, ki yanka ƙanana, ki bi da shi yadda kika bi da kokwamba: gishiri, matsewa, binegar. Shi yana jure ɗan zafi, za ki iya jefa shi a miya daf da saukewa.

Kapar yana da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. In kina son wannan, gauta zai ba ki. Ki yanka guda ɗaya ƙarami, ki jefa a tafasasshen ruwa minti ɗaya, ki tsame, ki haɗa da tumatir ɗin. Kashi ɗaya na gauta, kashi huɗu na tumatir. In ya wuce haka, yara za su ture kwanon.

7. Ki cike yajin da mutad

Yawancin waɗanda muka lissafa suna da gishiri da tsami da abin taunawa. Abin da suka rasa shi ne yajin nan mai hawa hanci. Barkono ba ya ba da shi, domin barkono harshe yake ƙonawa. Mutad ne yake da shi, kuma da ma ɗan dangin kapar ne na nesa.

A kowane babban cokali na madadinki, ki sa mutad kwatankwacin kan ƙaramin cokali, ki juya. Kaɗan ake so, yadda mai ci ba zai iya cewa ga mutad ba.

Babu mutad? Ki daka masoro ƙwaya uku ko huɗu. Ba iri ɗaya ba ne, amma yana tashin ɗanɗano.

8. Ki yi naki kapar da furen zogale

Nan ne aikin gaske yake. Zogale da kapar da mutad, masana tsirrai sun sa su a babban rukuni ɗaya, kuma dukkansu suna ɗauke da sinadaran da ke haifar da wannan yaji. Ki tauna furen zogale guda za ki ji shi. Kuma furen da bai buɗe ba ƙarami ne, ya dace da siffar da ake so.

Matsala guda: zogalen da ake yawan yanka don ganye ba ya samun damar yin fure. Ki ware reshe ɗaya ko itace ɗaya a gida ko a garka, ki ce a bar miki shi.

Ga yadda za ki yi.

Na ɗaya: ki tsinko da safe kafin rana ta yi zafi. Waɗanda ba su buɗe ba kawai, cikin kofi ɗaya. Ki tabbata ba a fesa wa itacen maganin ƙwari ba.

Na biyu: ki cire dogayen sanduna, ki wanke sau biyu, ki duba ƙananan ƙwari da ke ɓuya a ciki.

Na uku: ki narka gishiri babban cokali uku, shafaffu, a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Wajen giram 50 ke nan. Ki zuba furen a ciki, ki danne da ƙaramin faranti don kada su taso.

Na huɗu: ki bar su kwana biyu zuwa uku a inuwa, kina zubar da ruwan kina yin sabo kowace safiya. Wannan ne yake rage ɗaci da warin ɗanyen ganye.

Na biyar: ki tsame, ki bari su tsane. Ki tafasa kwalba da murfinta minti 10, ki kife ta bushe.

Na shida: ki tafasa binegar kofi ɗaya da gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Ki zuba furen a kwalba, ki kwara binegar da ɗuminsa har ya haura kansu. Ki rufe.

Na bakwai: ki jira mako guda kafin ki buɗe.

Za su fi kapar na kanti laushi, yajinsu kuma bai kai nasa ba. In kina son mai ɗan tauri, ki haɗa da ɗanyun ƴaƴan zogale, waɗanda ake fitarwa daga koren kwanso tun suna da taushi. Su sai ki tafasa su minti uku kafin su shiga ruwan gishiri.

Mai juna biyu ta bar furen zogale, ta yi amfani da zaitun ko mangwaro.

9. Da damina, gasaya

Gasayar da ke fitowa a bakin gona da bayan gida ta fi zogale kusa da kapar a dangantaka. Ƙamshinta mai ƙarfi da ɗan ɗacinta daga nan suke.

Ki tsinki kan tsiron, inda furannin da ba su buɗe ba suke taruwa, da ƙananan kwanso masu taushi. Ki jefa a tafasasshen ruwa minti biyu, ki zubar da ruwan, sannan ki bi matakan da muka bi da zogale, tun daga ruwan gishiri har kwalba.

Ki tsinko daga wuri mai tsabta. Ta bakin kwata da juji, a bar wa awaki.

10. Dangin kapar na daji: a yi hattara

Kapar yana da ƴan uwa na jini a dajinmu. Anza da jiga da bagayi duk gida ɗaya suke da shi. Sinadarin da ke ba kapar yajinsa yana cikin anza ma, shi ne ya sa ake sa ganyenta a rumbu don korar ƙwari.

Amma dangantaka ba izinin ci ba ce. Kowa a ƙasar Damagaram ya san ƴaƴan anza ba sa ciwuwa sai an jiƙa su kwanaki ana canza ruwa. Kakanninmu sun rayu da ita a shekarun yunwa, yanzu kuma kamfanin Sahara Sahel Foods da ke Damagaram yana sarrafa ta yana sayarwa. Wadda aka riga aka wanke aka dafa, za ki iya jiƙa ta a binegar da gishiri. Za ta ba ki abin taunawa, amma yajin ya tafi da ruwan wanki, sai ki cike da mutad.

Ɗanyar anza kada ta shiga kwalbarki. Haka ƙabdodo, wanda ya fi kowa kama da kapar a fure da ƙaya: yana da guba, yana kashe dabbobi. Dokar mai sauƙi ce. Furen da ba a saba ci a garinku ba, kada ki fara gwajinsa a kan iyalinki.

11. Wane madadi ga wane girki?

Miyar tartar ta soyayyen kifi: mayonez babban cokali huɗu, kokwamba mai binegar ko furen zogale cokali ɗaya, yankakkiyar albasa cokali ɗaya, ruwan rabin lemun tsami, mutad kaɗan. Ta dace da karfasa da tarwaɗa, har da soyayyen dankalin turawa.

Taliya irin ta birnin Napoli: ki soya tafarnuwa da barkono a mai, ki zuba tumatir, ki bari ya dahu. Ki sa zaitun cokali biyu da ɓawon lemu mai gishiri rabin cokali. Mutanen Napoli suna sa wani ƙaramin kifi mai gishiri, ke ki sa sardin na gwangwani ko garin busasshen kifi.

Kaza ko zabo da lemun tsami: ki yanka ƙirjin fale-fale, ki turbuɗa a fulawa, ki soya a man shanu. Ki kwashe naman, ki zuba romo rabin kofi da ruwan lemun tsami a kaskon, ki jefa ɗanyen mangwaro ko furen zogale, ki mayar da naman minti biyu.

Salatin dankali da ƙwai: farin zoɓo ko ɗanyen tumatir mai binegar.

Burodi da sardin na karin kumallo: ɗanyen mangwaro da albasa. Gwada wannan ko da babu girkin da ya ce ki yi.

Kuma kwalbar nan ba ta abincin Turawa kaɗai ba ce. Cokali ɗaya a kan ɗanwake, ko a kwaɗon zogale, ko a gefen gasasshen nama, yana yanke maiƙo yana buɗe ciki.

12. Lokacin zubawa da lissafin gishiri

Ki sa madadin a ƙarshe, minti biyu kafin ki sauke. Doguwar dahuwa tana kashe tsami da ƙamshi. Zaitun da ɓawon lemu ne suka fi jure wuta.

Ki rage gishiri da magi a girkin tun farko. Madadin yana zuwa da nasa. Ki zuba shi, ki ɗanɗana, sannan ki gyara.

In akwai mai hawan jini a gida, ki ɗauraye madadin da ruwa kafin ki sa, ko ki jiƙa shi minti 10. Ki ƙara lemun tsami a maimakon gishirin da ya tafi.

Kanwa da tsami ba sa zama tukunya ɗaya. Kanwa tana kashe tsami nan take. In girkin yana da kanwa, kamar ɗanwake, ki sa madadin a sama bayan an zuba a kwano.

13. Ajiya a zafin garinmu

Ki duba jikin kwalbar binegar kafin ki saya. Ki nemi mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ko fiye. Tsamin ne yake hana ƙwayoyin cuta rayuwa, don haka in ba ki da firij, ko wuta tana yawan ɗaukewa, kada ki sirka shi da ruwa.

Kwalbar gilashi za ki yi amfani da ita. Ta mayonez ko ta mutad da ta ƙare ta isa. Tsami yana cin kwanon alminiyam da murfin ƙarfe. In murfin na ƙarfe ne, ki shimfiɗa ƴar leda mai tsabta kafin ki rufe.

Gishiri fari mai tsabta. Kantu da manda ba na wannan aikin ba ne.

Kullum ruwa ya kasance a saman kayan. Abin da ya leƙo sama shi yake fara fumfuna. Ki ɗiba da busasshen cokali mai tsabta, ba da yatsa ba.

Kada ki rufe kayan da mai a maimakon binegar, musamman in akwai tafarnuwa a ciki. Mai yana toshe iska ba tare da tsami ba, kuma a irin wannan wurin ne ƙwayar cuta mai mugun guba take bunƙasa.

Ba firij? Ki ajiye kwalbar a gindin randa, kan jiƙaƙƙen yashi, nesa da rana. Ki yi kaɗan-kaɗan, abin da za ki cinye cikin mako biyu zuwa uku bayan buɗewa. A firij tana kai wata biyu.

In kin ga murfi ya kumbura, ko fumfuna, ko yauƙi, ko wari, zubar da ita gaba ɗaya. Kada ki ɗanɗana don tabbatarwa.

Miyar da ke da mayonez kuma kada ta wuce awa ɗaya a waje lokacin bazara. Ki haɗa ta daf da cin abinci.

14. Ki bi kakar kowane abu

Lokacin sanyi: ɗanyen tumatir da kokwamba daga garake. Bazara: ɗanyen mangwaro. Damina: gasaya, gurji, yakuwa. Kaka: ɗanyen farin zoɓo. Furen zogale kuwa, duk lokacin da itacenki ya yi. Idan lemun tsami ya yi araha, ki cika kwalba biyu, su za su riƙe ki tsakanin kaka da kaka.

Masu sayar da abinci, ku ma wannan naku ne. Mai soya kifi ko mai burodi da ƙwai a tasha da ya ajiye irin wannan kwalbar ya samu abin da na kusa da shi ba shi da shi, kuma kuɗin haɗa ta bai taka kara ya karya ba.

Gobe da safe

1. Ki nemo kwalbar gilashi biyu, ki wanke, ki tafasa, ki kife su bushe.

2. Ki leƙa itacen zogale kafin rana ta ɗaga. In akwai fure, ki tsinko kofi ɗaya ki sa a ruwan gishiri. In babu, ki ɗaura wa reshe ɗaya tsumma don kowa ya san ba a yankansa.

3. A kasuwa: lemun tsami, farin gishiri, binegar, ƙaramar kwalbar mutad, da abin da kakar ta kawo, mangwaro ko tumatir ko gurji.

4. Ki cika kwalba ta farko da lemun tsami da gishiri. Aikin minti 15 ne.

5. Na abincin rana, ki yanka mangwaro ko kokwamba, gishiri, matsewa, lemun tsami, mutad kaɗan. Ki yi girkin nan da kika ajiye.

6. Ki manna takarda a jikin kowace kwalba, ki rubuta ranar da kika rufe ta. Idan ranar buɗewa ta zo, ki ɗanɗana, ki rubuta a takardar abin da za ki ƙara ko ki rage a kwalba ta gaba.